Bari Yaro Ya Fara Duba Hoton

Ɗana, tunda an tura ka koyar da Turanci a ƙasar Ruma, zauna in gaya maka wani abu. Za ka tarar da yara masu karatu da murya, ka faɗa su amsa, har mai wucewa a hanya ya ce lalle ana karatu. Rufe littafin, ka tambayi ɗaya wa ya tafi kasuwa a labarin, sai ya sunkuyar da kai. Hadda ya yi, ma'ana ba ta shiga ba. Ba laifinsa ba ne. Ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a kasuwar Batsari, wasu ma rashin tsaron ƙauyukan bakin dajin Rugu ya daɗe da raba su da aji.

Nemi littafi mai hotuna. Kafin a karanta ko kalma ɗaya, ɗaga shafin ka zaga da shi, har na baya da ke zaune a ƙasa su gani. Tambaye su da Hausa: me yarinyar nan ta ɗauko a ka? Me ya sa akuyar ta waiga? Me zai faru in mun buɗe gaba? Bar su su yi ta gardama, wannan surutun ba ɓata lokaci ba ne. Sai sun ƙoshi da kallo sannan ka karanta jimlar Turancin a hankali, yatsanka bisa akuyar lokacin da ka ambace ta. Mu ma da hoto muka shiga boko, a littafin Ka Koyi Karatu, kuma zanen da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ja da yawanmu zuwa ga labarin.

Ka lura da irin hoton. Yaron Safana da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, in ka ba shi hotonta, baƙi biyu ka haɗa masa, hoton da kalmar. Fara da jaki, rijiya, gonar rogo. In littafi ya yi wuya, yanki kwali ka zana, ko ka ba yaran su zana. A kowane aji ba a rasa mai hannu.

Bayan kwana biyu ka rufe hoton da tafin hannunka, ka ce yaro ya karanta, ya ba ka labarin da bakinsa. In ya kakare, ɗaga hannun kaɗan ya leƙa, ka sake rufewa.