Darasi: Sa'ad da Zuciya da Hannu Suka Raba Hanya



Akwai wani nauyi da kowanenmu ya taɓa kwana da shi. Mutum ya gaskata cewa zamba haram ce, amma da rana ya tauye mudu. Ya koya wa 'ya'yansa gaskiya, amma a gabansu ya aika a ce wa mai bin bashi ba ya nan. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. A wannan darasi za mu duba abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano game da wannan nauyi, da hanyoyin da mutum ke bi ya sauke shi.

Mene ne rashin jituwar tunani?

A shekarar 1957 wani masani ɗan Amurka, Leon Festinger, na Jami'ar Stanford, ya wallafa littafin da ya ba wa wannan hali suna. Da Hausa za mu ce da shi rashin jituwar tunani. Bayaninsa shi ne: idan abin da mutum ya gaskata ya yi karo da abin da ya aikata, yakan ji wata damuwa mai tsikarinsa kamar yadda yunwa ke tsikarin mai ita, ba kuwa zai natsu ba sai ya rage ta.

Festinger ya ba da misali da mai shan taba wanda ya san taba tana cutar da lafiya. Hanyoyi ne a gabansa. Yana iya dainawa. Yana iya cewa likitoci suna zuzuta maganar. Yana iya ƙaro wata hujja, ya ce in ya bari zai yi ƙiba, ko kuwa ya ce ai ba wanda zai dawwama. Hanyar farko kaɗai ce ke taɓa aikinsa, ita ce kuma mafi wuya. Saboda haka sau da yawa mutum yakan bar aikin yadda yake, ya lanƙwasa tunanin.

Dala ɗaya da dala ashirin

A 1959 Festinger da ɗalibinsa James Carlsmith suka ba da labarin wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a. An ba kowane ɗalibi aiki mai gundura na tsawon awa guda: jera kwarkwaron zare a faranti yana kwashewa, sa'an nan jujjuya 'yan turakun katako ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai a roƙe shi ya gaya wa wadda ke jiran layi cewa aikin yana da daɗi ƙwarai. Waɗansu an biya su dala 1 domin wannan ƙarya, waɗansu dala 20. Daga baya aka tambayi kowa ainihin ra'ayinsa.

Da a ce za mu yi hasashe, da mun ce waɗanda suka sami kuɗi mai yawa su ne za su yabi aikin. Akasin haka aka gani. Masu dala 1 su ne suka fi cewa aikin ya yi musu daɗi. Mai dala 20 yana da abin da zai faɗa wa kansa: na yi ƙarya saboda kuɗi. Mai dala 1 ba shi da wannan mafaka. Ko dai ya yarda ya sayar da gaskiyarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya shawo kan kansa cewa ba ƙarya ya yi ba. Na biyun ya fi sauƙi. Har yau masana suna sake gwaje-gwaje irin wannan, suna kuma muhawara a kan sharuɗɗan da ke sa abin ya faru, amma koyarwar ta zama ginshiƙi a wannan fanni.

Yadda lamiri ke dushewa

A 1958 Judson Mills ya auna ra'ayin 'yan aji shida na firamare game da maguɗi, sa'an nan ya sa su gasa mai kyauta inda maguɗin ke da sauƙi. Da ya sake aunawa, waɗanda suka yi maguɗi sun sassauta hukuncinsu a kansa, waɗanda suka daure kuwa sun ƙara tsananta shi. Yara ne da suka fara da ra'ayi kusan ɗaya, mataki guda ya raba su.

A lura da wannan da kyau. Mukan ɗauka imani ne kullum ke jan aiki. Amma aiki ma yana jan imani. Wanda ya karɓi cin hanci sau ɗaya, gobe za ka ji shi yana cewa kowa ma yi yake. Ba wata sabuwar hujja ya samu ba. Barci yake nema.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan mun cuci wani. Zuciya takan ce: ni mutumin kirki ne, ga shi kuwa na zalunci wannan. Hanyar da ta fi kusa ita ce a ce ai shi ya jawo wa kansa. Haka mutum ke ƙin wanda ya cuta, yana tono laifofinsa domin ya wanke nasa. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gaba da yawa a cikin gidaje da unguwanni ta nan take samun abinci.

Ƙofar gyara

Wannan damuwa dai tana iya zama alheri. A 1992 Elliot Aronson da abokan aikinsa suka yi gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus, inda ake fama da ƙarancin ruwa. Suka sa waɗansu ɗalibai mata su sa hannu a takardar kira ga jama'a su rage ɓarnar ruwa, suka kuma tuna musu da lokutan da su kansu suka yi ɓarnar. Waɗannan ɗalibai sun gajarta wankansu fiye da waɗanda ba a yi musu kome ba. Da aka toshe hanyar uzuri, sai aikin ya gyaru.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san wannan dabara. A Littafin Sama'ila na Biyu, sura 12, annabi Natan bai fara da zargin Sarki Dawuda ba. Ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa shi ne attajirin, domin ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi. Sarki yana da ikon kawo uzuri ko ya hallaka annabin. Ya amsa laifinsa.

Ba kowace damuwa irin wannan ce muryar lamiri ba. Wani lokaci ra'ayinmu ne yake da kuskure, shi ya kamata a sauya. Ga ma'auni: in na sauya ra'ayina bayan na aikata abu, sabon ra'ayin kuma ya zo daidai da abin da ke yi mini daɗi, sai in tsaya in bincika. Amfanin binciken lamiri da dare ke nan, da furta zunubi a gaban firist: faɗar abin da aka aikata da sunansa, ba tare da an ɗaura masa “amma” ba. Mu kuma masu yi wa wani gargaɗi, mu bar masa ƙofar dawowa, gama wanda aka kunyata a bainar jama'a yakan ƙara ƙanƙame uzurinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Wane abu ne da can nake ƙyama, yau kuma nake kare shi? Me ya sauya, hujja ko aikina?
2. Akwai wanda na tsana tun bayan da na yi masa ba daidai ba?
3. Yaya za mu yi wa ɗan'uwa gyara har ya iya amsa laifi bai rasa mutuncinsa ba?

Ubangiji ya ba mu zuciyar da ba ta jin tsoron gaskiya. Amin.