Idan Kafili Ya Ce Sai Ka Biya Kafin Ka Tafi

'Ya'yana da ke neman halali a Saudiyya, akwai kukan da ya yawaita daga Jidda da Riyadh: yaro ya gaji da aiki, ya ce zai ajiye, kafili, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ce ba inda za shi sai ya ajiye dubban riyal. Hankali ya tashi, a bugo waya gida, uwa ta sayar da abin da ta tanada. Abin yana ci mini rai, domin sau da yawa kuɗin ba hakkin kafilin ba ne.

Ɗana, idan hakan ta same ka, ka kwantar da murya ka tambaye shi: kuɗin mene ne? Idan ya ce kuɗin da ya kashe ne wajen ɗauko ka, da na biza, da na igama (katin izinin zama), da na takardar izinin aiki, to sashe na 40 na dokar ƙwadagon ƙasar ya ɗora waɗannan duka a wuyan kafili, har da kuɗin sabunta igama da tarar jinkirin sabuntawa. Ba bashi ba ne a kanka. Abin da sashen ya bar maka shi ne kuɗin jirgin komawa gida, idan kai ka zaɓi tafiya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Amma ba zan ɓoye maka gaskiya don in faranta maka rai ba. Kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, kuma alkawari kaya ne. Wanda ya katse shi kafin lokaci ba dalili, sashe na 77 ya ba ɗaya ɓangaren damar neman diyya: abin da aka rubuta a kwantiragi, in ba a rubuta ba kuwa, albashin watannin da suka rage, kuma ba ya gaza na wata biyu. Shi ya sa nake roƙon ku, ku san ranar da wa'adinku zai cika kafin ku buɗe baki. Wanda saura masa wata uku, haƙuri ya fi masa araha. Sai dai idan kafili ne ya fara karya alkawari, ya riƙe albashi, ko ya yaudare ka kan irin aikin, ko ya kai maka hannu, sashe na 81 ya ba ka ikon barin aiki hakkinka na nan cif. A nan hujja ce ke magana, saboda haka ka adana saƙonnin waya da shaidar shigar albashi ta banki.

Kada kuma ka manta kai ma kana bin sa. Wanda ya ajiye aiki bayan shekara 2 zuwa 5 yana da sulusin kuɗin sallama, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, wanda ya cika 10 kuwa duka. Doka ta ba kafili mako biyu ya biya.

Abu biyu nake tsoratar muku. Na farko takardar Larabci da za a miƙo a ce ka sa hannu, alhali tana cewa ka karɓi hakkinka duka, ko ka amsa ana bin ka bashi. Ka ce sai an karanta maka, kuma wanda ka yarda da shi ya karanta. Na biyu gudu. Zuciya za ta raya maka ka sulale ka shige cikin 'yan uwa a unguwa. Ranar da aka rubuta ka bar aiki ba izini, ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake nema.

Ƙofar doka a buɗe take. Ana kiran ma'aikatar da ke kula da ƙwadago a lamba 19911, a shigar da koke, a fara da zaman sulhu na kwanakin aiki 21, in ba a daidaita ba a wuce kotun ƙwadago. Kada ka bari wata 12 su wuce bayan rabuwa, don ƙarar na iya faɗuwa. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara yana iya neman sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa ko kafili bai so ba, in ya cika sharuɗɗa. Riƙe fasfonka kuma laifi ne a kansa.

Ke kuma 'yata mai aikatau a gida, ke na fi jin tausayi, domin wancan sauƙin na 2021 bai haɗa da ke ba. Ƙa'idarku daban ce, kwantiraginki yana kan manhajar Musaned, kuma kina da ikon kai koke. Tun kafin ki hau jirgi ki karɓi kwafin kwantiragi daga ejan, ki bar ɗaya a gida. Ki haddace lambar ofishin jakadancin Najeriya na Riyadh da ƙaramin ofishin Jidda, ko na Nijar idan daga can kike, don ana iya ƙwace miki waya.