Darasi: Yadda ake zaɓen wayar lantarki

Wutar lantarki ta shiga garuruwa da yawa. Mai gida yakan so ya ja ta daga ɗakinsa zuwa zaure, ko shago, ko rumfar injin niƙa. Ga shi kuma yanzu akwai babura da motoci masu aiki da batir, waɗanda ake yi musu caji a gida. Duk wannan aiki waya ce ke ɗauke da shi. In an zaɓi wayar da ba ta dace ba, gida yana iya ƙonewa.

Waya kamar tiyo take

Mai garka ya san ƙaramin tiyo ba ya ɗaukar ruwa mai yawa. Haka waya take. In aka tura wuta mai yawa cikin siririyar waya, sai ta yi zafi. Robar jikinta ta narke, wuta ta tashi. Lokacin hunturu, ga iska ga darni ga bunu, gobarar gida ɗaya tana iya cin unguwa.

Lambar waya

Kowace waya tana da lamba a jikin robarta ko a kan ƙunshinta. Lambar tana nuna kaurin jan ƙarfen da ke ciki. Yawan wutar da ke bi cikin waya kuwa, da ampa ake auna shi.

Lamba 1,5: ta ƙwayayen fitila ce.
Lamba 2,5: ta wurin jona firji, talabijin da dutsen guga ce. Kada ta wuce ampa 20.
Lamba 6: ta manyan kaya ce, har zuwa ampa 32.
Lamba 10: ita ake sa wa babban abin cajin mota.

Me ya sa mota ke son waya mai kauri? Babban abin cajinta yana jan wat 7.000, wato kamar ƙwan fitila 700 masu wat 10 a kunne gaba ɗaya. Kuma yana ja sa'o'i da yawa ba hutu. Saboda haka ana ja masa wayarsa shi kaɗai tun daga kontar. Kafin a sa shi, sai a tambayi ma'aikatan NIGELEC ko kontar gidan za ta iya ɗauka. Babur ba ya ja kamar mota, amma shi ma kada a jona shi da siririyar wayar rediyo.

Nisa yana rage ƙarfi

Wutar gida bolt 220 ce. In waya ta yi tsawo, wani kashi na ƙarfin yana ɓacewa a hanya. Misali: shago yana metir 50 daga kontar, kayansa suna jan ampa 16. Da lamba 2,5, kusan bolt 14 ke ɓacewa. Fitila ta dushe, inji ya yi ta gurnani har ya lalace. Da lamba 6, bolt 6 kawai ke ɓacewa. Ke nan, in wuri ya yi nisa, sai a ƙara kauri.

Araha ba ta ado

A kasuwa akwai waya mai araha wadda aka shafa wa jan ƙarfe a baya, cikinta alminiyam. Tana saurin zafi, tana karyewa wurin ɗauri. Mai saye ya kankare bakinta da wuƙa. In cikin ya fito fari, ya bar ta.

Hanyar da waya za ta bi

Kada a shimfiɗa ta a ƙasa, kada a rataye ta bisa darni ko jikin kwano. Rana tana cin roba, ɓeraye da awaki suna gaigayar ta, yara suna wasa da ita. A gina rami mai zurfin santimetir 50 ko fiye. A sa waya cikin tiyon roba, kana a rufe. Inda motoci ke bi, a kai santimetir 85.

Waya uku ake ja. Ja ko ruwan ƙasa ita ke kawo wuta. Shuɗiya ita ke maida ta. Mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, mai tsare ran mutum in inji ya kama wuta a jikinsa. A bakin layi kuma a sa disjonktar daidai da wayar, don ta yanke wuta kafin waya ta yi zafi.

Mai gida ya auna nisa, ya ƙidaya kayan da zai jona. Jonawar kuwa a bar wa wanda ya koyi aikin.

Tambayoyi

1. Me ke samun siririyar waya in kaya sun yi mata yawa?
2. Ta yaya ake gane wayar jabu?
3. Rumfa tana metir 35 daga kontar. In waya uku za a ja, metir nawa za a saya gaba ɗaya?