Kafin a ɗauko bulala, a duba agogon maganin yaro

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mu ne 'yan bokon gidajenmu. Da an dawo daga asibiti da ledar magani, mu ake miƙa wa a ce, "Karanta muna yadda za a ba shi." Wasunmu ma suna da nasu 'ya'yan. To wannan darasi namu ne: yadda ake tsara lokutan maganin yaro, da yadda maganin kan sauya masa hali har a ɗauka rashin ji ne.

Me ake nufi da "sau uku a rana"?

Magani idan ya shiga jini, hanta da ƙoda ne suke rage shi a hankali, kuma ana so a ƙara wani kafin na farko ya ƙare. Shi ya sa a magani irin amoxicillin, "sau uku" na nufin kowane awa 8, "sau biyu" kuma kowane awa 12. Ku lissafa da kanku: in an ba yaro da karin kumallo ƙarfe 9, da abincin rana ƙarfe 2, da tuwon dare ƙarfe 7, an cusa duka cikin awa 10, an bar jikin awa 14 ba a ƙara komai ba.

Hanya mafi sauƙi a gidajenmu ita ce a jingina magani da lokutan da kowa ya sani. Mai sau uku: ƙarfe 6 na safe bayan asuba, ƙarfe 2 da azahar, ƙarfe 10 na dare. Mai sau biyu: bayan asuba da dab da magariba. A saita ƙararrawar waya, kuma mutum ɗaya ya riƙe aikin. Inda kowa ke bayarwa, nan ake ninkawa ko a manta. In an manta har lokacin na gaba ya kusa, kada a haɗa biyu. Na ruwa kuwa a auna shi da sirinji ko murfin da ya zo da shi, don cokalin magani mililita 5 ne, na gida kuwa kowanne da girmansa.

Abin da ake sha da shi

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba ya shiri da shayi ko madara, suna hana hanji tsotse shi. A raba su da kamar awa 2. Lemon zaƙi kuwa taimaka masa yake yi. Kashin yaro zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Mai sikila shi folic acid aka saba ba shi kullum, ba a ƙara masa na ƙarfe sai likita ya gwada jininsa.

Coartem na zazzaɓin cizon sauro shi kuma yana son abinci mai maiƙo ko madara. Sha 6 ne cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko. Haka rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ake raba shi: ma'aikata na rana ta farko kawai suke bayarwa, na biyu da na uku a hannunmu suke. Waɗannan biyun ne ake yawan mantawa a ƙarƙashin katifa.

Inda magani ke taɓa hali

Nan ne na fi so mu tsaya. A gidanmu a Sabon Gari ni ke ba ƙanena maganin farfaɗiya. Yana shekara 6 aka ɗora shi a kan phenobarbitone, ana ba shi sau ɗaya da dare. Faɗuwa ta ragu, amma cikin 'yan makonni yaron da aka sani da sanyi ya koma ba ya zama wuri ɗaya, ga tsokana, ga kuka ba dalili, ga farkawa tsakar dare. Malaminsu na allo ya aiko gida sau biyu. Inna sai cewa take, "Wanga yaro mi yas same shi?" Maƙwabta wasu suka ce bulala, wasu suka ce iskoki. Da muka koma wurin likita da takardar da nake rubuta komai a ciki, ya ga ƙiriniyar ta fara ne bayan fara maganin, sai ya sauya masa wani a hankali cikin makonni.

Ashe sanannen abu ne. Phenobarbitone yana da arha, yana kuma aiki, manya yakan sa su barci, amma yara da yawa yakan tayar musu da ƙiriniya da saurin fushi. Sai dai a kula fa: ba a tsayar da maganin farfaɗiya kwatsam. Yin haka kan jawo jijjiga mai tsawo da ke iya kisa. Sauyi aikin likita ne.

Ba shi kaɗai ba ne. Carbamazepine kan kawo barci da jiri, musamman a farko. Prednisolone kan kawo yunwa, sauyin rai da rashin barci, shi ya sa aka fi ba da shi da safe tare da abinci. Salbutamol na masu asma kan sa rawar hannu da bugun zuciya, yaro ya kasa natsuwa. Piriton kan sa gyangyaɗi a aji, a wasu ƙananan yara kuma ya yi akasi, su ƙi barci sam. Har ƙarancin sinadarin ƙarfe shi kansa kan sa yaro kasala, fushi da cin ƙasa.

Don haka ɗabi'ar zuwa kemis a sayo "abin da zai sa shi ya yi shiru" haɗari ce. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙori na My Pikin, wanda gubar diethylene glycol ta gurɓata, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan.

Littafin magani

A sami littafin rubutu na 'yan firamare, a ja layi biyar: kwanan wata, magani, lokacin da aka bayar, barci da cin abinci, sai hali. A rubuta abin da aka gani, kamar "ya farka ƙarfe 2, bai koma ba sai asuba", maimakon "ba ya ji". A sa duk abin da yaro ke sha, har na gargajiya da na kemis. Mako biyu sun isa su nuna hanya. Ranar ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, a tafi da littafin da kwalayen maganin duka. Layi yana da tsawo, mintunan likita kaɗan ne, littafin zai faɗi abin da baki zai manta.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar asibiti: jijjigar da ta wuce minti 5, yaron da aka tasa ya ƙi farkawa, ƙuraje da suka feso tare da zazzaɓi ko gyambon baki bayan fara sabon magani, kumburin fuska, ko wahalar numfashi. Waɗannan a nufi asibiti nan take.

Wanda ke da ƙane ko ɗa a kan magani, ya ja layukan nan yau da dare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.