Amsar Tambaya: Me Ya Sa Haihuwa Ke Yawa a Wasu Watanni?

Tambaya: Malam, a unguwarmu wasu watanni suna kan suna ake yi, wasu kuma shiru. Akwai dalili? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, idonki ya gani daidai, kuma ba nan kaɗai ba ne. A Amurka haihuwa ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba. A Ingila, ƙididdigar 1995 zuwa 2014 ta nuna 26 ga Satumba ce ranar da aka fi haihuwa, wato an ɗauki cikin lokacin hutun Kirsimeti.

Ki ƙirga wata tara baya, za ki ga sanadin. Tsananin zafi yana rage ƙarfin maniyyi, shi ya sa ciki ya fi shiga lokacin sanyi. A ƙasar Hausa, idan rumbu ya cika da kaka sai bukukuwan aure su kankama, haka ma gab da azumi. 'Yan cin rani kuwa sai damina ta sauka suke komawa ga iyalansu. Zazzaɓin cizon sauro na damina kuma yakan jawo ɓari.

Haihuwa nufin Allah ce. Mai ciki dai ta riƙe awo, ta kwana cikin gidan sauro. Allah ya raba lafiya.