Muryar Mace a Gaban Maza

Duk wanda ya tsaya a bakin tashar Unguwa Uku da hantsi, a kan titin Zariya a Kano, muryoyi ne za su cika masa kunne. 'Yan kamasho suna kiran fasinja, masu adaidaita sahu suna neman mai zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ko kasuwar Tarauni. A cikin hayaniyar nan akwai mata. Wata tana tambayar motar garinsu, wata tana ciniki da mai awo, wata tana neman canjinta a hannun kwandasta. Babu wadda za ta koma gida ba ta yi magana da namijin da ba muharraminta ba.

Shi ya sa matan ajinmu ba sa gajiya da wannan tambaya: "Malama, an ce muryar mace al'aura ce. Ashe kullum zunubi muke kwasa?"

Na taɓa raka wata maƙwabciyata asibiti bayan ta haihu. Likitan namiji ne. Ya ce, "Hajiya, me ke damun ki?" Sai ta sunkuyar da kai, ta ja bakin hijabinta ta rufe baki, ta riƙa raɗa mini a kunne ina faɗa masa. Ciwon kai ta ce, da jiri. Sai da muka shiga adaidaita sahu za mu koma gida ta gaya mini ainihin abin: jini ne bai tsaya mata ba. Na ce da direban ya juya da mu. Ita a ganinta addini ne ya ɗaure mata baki. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa muryar mace ita kanta ba al'aura ba ce. Hujjojinsu a fili suke. Khaula 'yar Sa'alaba ta je gaban Manzon Allah (SAW) da ƙafarta, ta kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samit, wanda ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da mahaifiyarsa don ya haramta wa kansa ita. Ta yi magana, ta maimaita, ta kai kukanta ga Allah. Ba a ce mata ta yi shiru ba. Wahayi ne ya sauka a kan al'amarinta, shi ne farkon sura ta 58, Suratul Mujadala. Nana A'isha kuwa, Allah Ya ƙara mata yarda, an ruwaito hadisai 2,210 daga bakinta. Sahabbai maza da tabi'ai suna zuwa su tambaye ta ta bayan labule, tana ba su amsa suna ji. Da a ce jin muryarta haramun ne, da wannan ilimi bai iso mana ba.

Abin da aka hana yana cikin Suratul Ahzabi, aya ta 32. A nan an umarci matan Annabi kada su lanƙwasa murya, don kada mai ciwo a zuciya ya yi kwaɗayi, sannan a ayar dai aka umarce su da su faɗi magana ta kirki. Malaman tafsiri sun ce sauran mata musulmi su ma su yi koyi. Ku lura, ayar da ta yi hani ita ce ta ce a yi magana. Kowace mace ta san bambancin. Akwai muryar da take tambayar kuɗin kwanon shinkafa da ita, akwai kuma kashe murya da shagwaɓa da jan zance, waɗanda mijinta kaɗai ya cancanta. Ta farko halal ce ko a tsakiyar tasha.

A wajen ibada ne aka fi son mace ta sassauta. Ba ta kiran salla don tara maza. A sallar bayyane, littafin Risala da ake karantawa a zaurukan Kano ya nuna cewa bayyanawarta ba ta kai ta namiji ba, ta jiyar da kanta ya wadatar. Haka ma talbiyya a aikin Hajji. Daga irin waɗannan ne wasu malamai suka ce ɗaga muryar mace al'aura ce, kuma daga nan maganar ta bazu har aka tsawaita ta fiye da inda suka tsaya. Idan liman ya yi mantuwa, hadisi ya ce maza su yi tasbihi, mata su tafa. Amma sanannen ra'ayin Imamu Malik shi ne ita ma ta ce subhanallahi.

Ku kuma 'yan ajin maza, kada ku ɗauka darasin mata ne kaɗai. A Suratun Nur, aya ta 30 maza ta fara umarta da runtse ido, sannan ta 31 ta zo kan mata, da mayafi da suturar ado. Direban da yake jan fasinja da zancen banza, ko mai shagon da yake kashe wa matar mutane murya, shi ma ya zubar da kunya.

Ƙasarmu ta san mata masu magana da ilimi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da jajoji, mata dattawa masu jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka, su koya su koma su koyar. Mahaifinta, a littafinsa Nurul Albab, ya yi tir da malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Matar da aka hana ta tambaya, ta ina za ta san hukuncin haila da biƙi da gado?

Yanzu ga waya ta shigo. Da yawa daga cikinmu ba mu riga mun ƙware a rubutu ba, sai mu aika saƙon murya a WhatsApp. Hukuncin bai canja ba. Mai sayar da turare ko atamfa daga cikin gida tana iya aika wa mai saye farashi da lambar asusu: sallama, buƙata, godiya, shi ke nan. Sai dai a tuna cewa saƙon murya yana zama a wayar wani. Zai iya sake saurara, zai iya tura wa wani. Kafin ki danna aikawa, ki saurare shi sau ɗaya. Idan za ki iya kunna shi a gaban maigida ko mahaifinki ba tare da kin ji nauyi ba, aika abinki.