Ambaliya a Kwarin Haɗeja: Tun Ran Gini Ran Zane

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ja hankalinmu ga ambaliyar da kan addabi ƙauyukan bakin Kogin Haɗeja. A 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Me ke kawo ta? Ƙasar kwarin shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi da ciyawar kacala sun toshe hanyoyin kogin. Idan ruwa ya yawaita a Agusta da Satumba, sai ya rasa mafita, ya malala cikin gonaki da gidaje.

A ganina, tun da rani ya kamata a fara shiri. Na farko, a yi gayya a nome kacala, a yashe magudanai, a tanadi buhunan yashi. Na biyu, a kafa rumbuna a kan tudu. Na uku, a riƙa sauraron hasashen damina na hukumar NiMet a rediyo, mai gari kuma ya nuna wa jama'a inda za su fake.

Bayan ruwa ya janye, hatsi da tabarmin agaji ba su daɗewa. Abin da manomi ya fi bukata shi ne iri da taki da injin ban ruwa, domin noman rani ya mayar masa da abin da damina ta cinye. Rijiyoyi kuwa sun riga sun gurɓata, don haka sai an tafasa ruwan sha, gudun amai da gudawa.

Mu da muka samu ilmi, wajibinmu ne mu kai wa iyayenmu wannan bayani idan mun koma hutu.